Daga Madawa zuwa Abijan: Yadda ake matse bidiyon biki ya isa hannun 'yan ci-rani lafiya

Idan aka gama cire albasa a fadamun Madawa, kuɗi suka ɗan zauna a aljihu, sai bukukuwa su buɗe. Daga Sabon Gida zuwa Bangi, daga Karofan da ke gundumar Buza har Tamaske da Ibohaman a gundumar Keita, an saba ganin matashi yana kutsawa cikin taron aure ko suna da kyamara ko babbar waya a hannu, yana ɗaukar amarya da ƙawayenta, da dattawan da suka yi sahu a kan tabarma, da maroƙin da ke wasa dangin ango.

Sai dai da yawa daga cikin waɗanda suka fi ɗokin ganin wannan bidiyo ba sa wurin. Ƙasar Adar ta daɗe da yin suna wajen tafiya ci-rani. Samarinta suna Abijan da Legas, suna Libiya da Aljeriya, wasu sun nausa har Kamaru da Gabon. Sau da yawa yayan amarya da ke can shi ne ya aiko kuɗin gado da katifa, har da na mai ɗaukar hoton. Rabonsa a bikin shi ne abin da zai shigo wayarsa bayan kwana biyu ko uku.

A nan ake yawan samun matsala. Wani lokaci bidiyon ya kwana yana juyawa a WhatsApp bai tafi ba, forfe ya ƙare. Wani lokaci ya isa, a buɗe a ji kiɗa da guɗa amma fuskar wayar baƙi ƙirin. Wani lokacin kuma ya buɗe, sai dai da zarar an fara rawa fuskokin mutane su narke su koma dabbare-dabbare, mutum ya kasa gane ƙanwarsa. Yawanci rezo ake ɗora wa laifi, kuma yana da nasa. Amma galibin ɓarnar tana faruwa ne tun a ɗakin mai tace bidiyon, a cikin minti ɗayan da manhajar CapCut ko KineMaster ko Premiere Pro ta tambaye shi a wane tsari zai fitar da aikin, shi kuma ya danna abin da ya tarar, ko ya zaɓi lambar da ta fi girma don yana ganin ita ce mai kyau.

Me ya sa dole a matse?

Bidiyo jerin hotuna ne da ake nunawa da sauri, 25 ko 30 a kowane sakan. Hoto ɗaya na 1080 yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimilla 2,073,600. Idan aka ajiye launin kowane ɗigo cikakke, hoto guda zai ci sama da megabait 6. A hotuna 25 a sakan, minti ɗaya ya haura gigabait 9, awa ɗaya kuma ta kai kusan gigabait 560. Na 4K ya ninka haka sau huɗu. Babu wayar da za ta ɗauki wannan, balle rezon da zai kai shi Abijan.

Don haka duk bidiyon da ke cikin waya matsattse ne tun daga lokacin da aka ɗauke shi. Dabarar ta dogara ne a kan zubar da abin da ido ba zai yi kewarsa ba. Idon mutum ya fi lura da haske da duhu a kan launi, sai a rage bayanan launi. Idan liman yana zaune yana addu'a, bangon da ke bayansa ba ya motsi, saboda haka ba a sake ajiye bangon sau 25 a sakan. Ana ajiye cikakken hoto ɗaya, sannan a riƙa rubuta abin da ya canza kawai, kamar leɓe da hannu, har zuwa cikakken hoto na gaba. Lissafin da ke ƙarƙashin mafi yawan wannan aiki wani injiniya ɗan asalin Indiya, Nasir Ahmed, ya fito da shi tare da abokan aikinsa a 1974, kuma har yau danginsa ake amfani da su.

Akwai ruɗani ɗaya da ya kamata a kawar tun da wuri. Mutane kan ce "ai MP4 ne, me zai hana shi buɗewa?" MP4 buhu ne kawai, haka MOV da MKV da AVI. Mai sayen albasa a Madawa ba ya biyan kuɗi don ya ga buhu, sai ya san abin da aka zuba ciki. Fayil biyu na iya ƙarewa da MP4, ɗaya ya buɗe a kowace waya, ɗaya ya ƙi, saboda tsarin da aka matse hoton da ke ciki ya bambanta. Wannan tsari shi ake kira kodek, kuma a kansa zaɓin yake.

Tsohon da bai gaji ba

H.264, wanda kuma ake kira AVC, an kammala shi a 2003. Ya girmi da yawa daga cikin masu tace bidiyo da shi a yau. Ƙarfinsa shi ne kusan babu na'urar da aka ƙera a shekaru goma sha da suka wuce da ba ta san shi ba: wayoyin Tecno da itel da Infinix da suka cika kasuwannin yankin, tsohuwar kwamfutar da ke shagon buga takardu, talabijin mai ramin kile. Akasarinsu suna da wani sashe na musamman a cikin ƙwaƙwalwarsu da aikinsa kawai warware H.264, shi ya sa bidiyon ke tafiya sumul ba tare da wayar ta yi zafi ko batir ya zube ba.

Girman fayil ɗin kuma ba daga sunan kodek yake fitowa ba, daga bitiret yake, wato mudun da aka auna wa kowane sakan na bidiyon. Lissafinsa mai sauƙi ne. Megabit 8 a sakan, wanda shi ne abin da YouTube ke ba da shawara ga bidiyon 1080 na yau da kullum, yana cin megabait 60 a minti, gigabait 3.6 a awa. Megabit 2 a sakan yana cin megabait 15 a minti, 900 a awa. Megabit 1 kuwa 450 a awa. Tsawon bidiyo da bitiret su kaɗai ke yanke nauyinsa.

Wannan lissafi ya fi muhimmanci a inda rezo ke da rauni. A ce wayar mutum na iya tura megabit 1 a sakan. Bidiyon da aka fitar a megabit 8 zai ɗauki ninki takwas na tsawonsa kafin ya tafi: bikin awa ɗaya, awa takwas ana jira, idan rezon bai yanke ba ke nan. Shi ma wanda ke karɓa a can sai ya biya kuɗin gigabait 3.6 ɗin daga guminsa, don ya kalli abin a wayar da fuskarta ba ta wuce ɗigo 720 a faɗi ba, kamar yadda yawancin wayoyi masu araha suke. Tura wa irin wannan waya 4K kamar ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Sabon da ba kowa ya san shi ba

H.265, ko HEVC, ya fito a 2013 da burin ba da kyan hoto iri ɗaya a rabin nauyin H.264. A aikace yakan kusanci hakan, musamman a manyan hotuna. Duk mai iPhone zai iya gani a saitin kyamararsa: minti ɗaya na 4K a hotuna 30 yana cin kimanin megabait 170 a HEVC, yayin da a H.264 yake cin kusan 350. A 1080 kuma 60 ne da 130. Tun 2017 kamfanin Apple ya mayar da HEVC tsarin da sababbin wayoyinsa ke ɗaukar bidiyo da shi kai tsaye, sai dai idan mai wayar ya koma zaɓin da ke cewa Most Compatible, ko Le plus compatible a wayar da ke Faransanci.

Ga mai sayen forfe da kuɗinsa, rabin nauyi ba ƙaramin abu ba ne. To me ya hana kowa komawa HEVC?

Amsar farko kuɗi ne. Haƙƙin mallakar fasahar ya warwatsu a hannun kamfanoni da dama da suka kasu rukuni-rukuni, kowanne na neman a biya shi, abin da ya sa masu ƙera na'urori da manhajoji suka daɗe suna jan ƙafa. Ko a kwamfuta mai Windows, sau da yawa sai mutum ya sayi ƙarin wata 'yar manhaja kafin na'urar ta buɗe HEVC da kanta, ko ya sauke VLC wadda kyauta ce. Tsofaffin wayoyi da talabijin masu araha kuwa, wasu ba su san shi ba sam. Su ne ke ba da sauti babu hoto. Wasu suna ƙoƙarin warware shi da ƙarfin tuwo, sai hoton ya riƙa tsayawa yana tafiya, baki ya rabu da magana, wayar ta ɗauki zafi.

Akwai kuma tarkon da masu aiki da iPhone ke faɗawa. Daga iPhone 12 zuwa sama, wayar na ɗaukar bidiyo a tsarin HDR mai faɗin haske idan ba a kashe shi ba. A fuskar iPhone ɗin yana da ban sha'awa. Idan aka shigar da shi manhajar da ba ta iya sarrafa shi ba, ko aka haɗa shi da hoton wata kyamara, sai launuka su koɗe, farar shadda ta ƙone, fatar mutane ta yi toka-toka kamar sun kwana a hunturu ba mai. Ga aikin biki da za a kalla a wayoyi iri-iri, kashe HDR tun kafin a fara ɗauka ya fi kwanciyar hankali.

Rigimar kuɗin HEVC ce ta sa Google da Netflix da Amazon da Microsoft da wasu kamfanoni suka haɗu a 2015 don samar da tsarin da ba a biyan kuɗin amfani da shi. Sakamakon shi ne AV1, wanda ya fito a 2018, magajin VP9 na Google. Ya fi HEVC iya matsewa, kuma mai kallon YouTube na iya cin moriyarsa bai ma sani ba. Amma ga mai fitar da bidiyo a Buza, lokacinsa bai yi ba tukuna: fitar da shi a kwamfuta marar ƙarfi na ɗaukar dogon lokaci, kuma ita kanta Apple sai a iPhone 15 Pro na 2023 ta sa sashen da ke warware shi. Wanda zai ɗora bidiyo a YouTube ko Facebook ba ya bukatar wahalar da kansa, domin su da kansu za su sake matse abin da ya ba su zuwa tsare-tsare da girma daban-daban. Abin da suke bukata daga gare shi kwafi ne mai tsabta.

ProRes kuwa, wanda Apple ya fitar a 2007, ba don aikawa aka yi shi ba. Yana ajiye kowane hoto cikakke don tacewa ta yi sauƙi kuma launi ya jure gyara. A iPhone, minti ɗaya na 1080 a ProRes yana cin kusan gigabait 1.7, na 4K kusan 6. Kayan ɗakin aiki ne na masu fim da talla. Mai ɗaukar suna da aure zai iya shekara bai taɓa shi ba, kuma bai yi asarar komai ba.

Ƙura, leshi da dare

Abin da takardun kamfanoni ba sa faɗa shi ne, irin hoton da ake ɗauka a wannan yanki na daga cikin mafi wuyar matsewa. Tunda dabarar ta ginu a kan cewa yawancin hoto ba ya canzawa, duk abin da ke sa kowane ɗigo motsi abokin gabarta ne.

A duba filin kokawa. 'Yan kokawa biyu na turza ƙasa, ƙura ta tashi, makaɗa na gefe, ɗaruruwan 'yan kallo na tsalle a baya, mai kyamara shi ma yana bin su da gudu. Babu ɗigo ɗaya da ke zaune. Mudun da ya ishi liman mai addu'a ba zai ishi wannan ba, sai kodek ya fara zubar da abin da ido ke gani, hoton ya farfashe daidai lokacin da aka yi kaye, wato lokacin da kowa ke jira. Haka filin rawar biki: leshi da atamfa masu ƙananan zane, ƙyallin shadda, takardun kuɗin da ake liƙi suna shawagi. Haka ma ganyaye. Matashin da ya ɗauki layukan dogon yaro na kwarin Majiya, waɗanda aka fara dasawa a 1975 don tare iska, zai tarar cewa duk lokacin da iska ta kaɗa, bishiyoyin kan koma kamar an shafa koren fenti da tsumma idan bitiret ya yi ƙasa.

Dare ya fi duka. Yawancin shagalin biki bayan isha'i ake yi, a ƙarƙashin ƙwan fitila biyu ko uku. Kyamara kan ƙara wa kanta ƙarfin gani, hoton ya cika da wani tsaki-tsaki mai rawa. Kodek ba ya bambanta wannan tsaki da zanen zani, sai ya ƙarar da rabin mudunsa wajen ajiye shara. Fitila ɗaya mai kyau da aka ɗora a kan sanda, da ƙafar kyamara da za ta hana girgiza, sun fi duk wani saiti rage nauyin fayil da gyara hoto. Akwai kuma batun walƙiyar fitila. Wutar Nijar, kamar ta Najeriya, tana kaɗawa sau 50 a sakan, yayin da yawancin wayoyi ke zuwa a saite a hotuna 30, lissafin ƙasashe irin Amurka masu 60. Shi ya sa wani lokaci ake ganin ratsi yana gangarowa a bidiyon dare. Ɗauka a 25, idan na'urar ta ba da dama, kan magance shi, kuma a abin da aka ɗauka ya kamata a fitar, kada a canza a hanya.

Wanda ke da kwamfuta yana da mafita mai kyau a manhajar HandBrake, wadda kyauta ce. Maimakon a ƙayyade mudu ɗaya ga kowane sakan, ana zaɓar matakin kyau, ita kuma ta ƙara wa wurin rawa ta rage wa wurin addu'a. Lambar da ake kira RF ita ke nuna matakin, kuma a juye take: ƙaramar lamba, hoto mai kyau da fayil mai nauyi. Masu manhajar sun ba da shawarar 20 zuwa 24 ga 1080, da 19 zuwa 23 ga 720.

Idan za a rage nauyi sosai, gara a rage girman hoton da a bar shi a 1080 cikin yunwa. Bidiyon 480 mai tsabta ya fi daɗin kallo a waya a kan 1080 mai dabbare. Kuma fitar da abin da aka ɗauka a 1080 zuwa 4K ba ya ƙara komai sai nauyi, duk da cewa wasu masu biki kan ji daɗi idan aka ce musu 4K ne. Wurin da bai kamata a yi rowa ba shi ne sauti. AAC a kilobit 128 bai kai megabait ɗaya a minti ba, kuma ɗan ci-rani zai yafe hoton da ya ɗan dushe idan yana jin muryar mahaifiyarsa sarai.

Inda WhatsApp ke shigowa

Ko an fitar da bidiyo yadda ya kamata, saura hanya. Idan aka tura shi a WhatsApp a matsayin bidiyo, manhajar kan sake matse shi ta rage girmansa. Zaɓin HD da aka ƙara a 2023 ya kyautata lamarin, amma shi ma matsewa ce, zuwa 720 lokacin da aka fito da shi. Idan kuwa aka tura a matsayin Document, fayil ɗin na isa yadda yake, kuma tun 2022 iyakar ta kai gigabait 2.

Kowace hanya da farashinta. Ta farko tana ɓata hoto, amma takan mayar da shi tsarin da kowace waya ke karantawa. Ta biyu ba ta taɓa komai, don haka idan HEVC ne aka cusa a buhun, haka zai isa, kuma idan wayar can ba ta san shi ba, an yi asarar forfe a ɓangarori biyu. Shi ya sa haɗin da ya fi aminci shi ne a matse da hannu zuwa H.264 a 480 ko 720, a yanka bikin kashi-kashi na minti goma ko sha biyar, ɗaurin aure daban, kai amarya daban, sannan a tura kowanne a matsayin Document. Idan rezo ya yanke, kashi ɗaya aka rasa. Wanda ke can kuma ya zaɓi abin da zai fara saukewa gwargwadon aljihunsa.

Zuwan Starlink Nijar a 2025 ya sauƙaƙa turawa ga wanda ya samu damarsa, amma bai canza wayar da ke hannun mai karɓa ba, bai kuma biya masa kuɗin data ba.

Katin memori bai mutu ba

A gida kuwa, bidiyo ya fi tafiya hannu da hannu, ta Xender da Bluetooth da katin memori, wanda a Nijar aka fi sani da kart memuwar, da kuma masu loda waƙoƙi da fina-finai a kasuwa. Wannan hanya tana da tarihi a jihar. Mdou Moctar, mawaƙin jita ɗan asalin jihar Tawa da yanzu ke zagaya duniya, ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, kuma waƙoƙin sun bazu a Sahel ne daga waya zuwa waya, kafin ɗaya daga ciki ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones da kamfanin Sahel Sounds ya fitar a 2011.

Manya kuma na tuna zamanin kaset, lokacin da fina-finan Kano ke ƙetaro iyaka. Duk kwafin da aka yi daga kwafi sai ya ƙara dushewa, har masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya ware wa wannan dusashshen hoto da gurɓataccen sauti babi a littafinsa Signal and Noise na 2008. Daga nan aka gaji tunanin cewa yawan turawa na cinye bidiyo. A fayil ba haka ba ne. Ko sau ɗari aka kwafe shi ta Xender ko kati, na ƙarshe daidai yake da na farko. Abin da ke cinye shi sake matsewa ne: a sauke daga Facebook, a sa masa waƙa a CapCut, a ɗora a TikTok, wani ya sauke ya sa a status. A kowane zagaye ana zubar da wani abu da ba ya dawowa.

Ci gaban da aka samu ma abin lura ne. Faifan VCD da ya gaji kaset yana cin kusan megabait 10 a minti don ya ba da hoto mai ɗigo 352 da 288. Da wannan mudu ɗin dai, H.264 na ba da 480 mai tsabta. A ɗaya gefen kuma har yanzu akwai ƙananan wayoyi masu maɓalli a hannun iyaye mata da dattawa a ƙauyuka, waɗanda wasunsu 3GP suka fi ganewa, mai ɗigo 176 da 144, kusan kashi ɗaya cikin 80 na 1080. Mai loda da ya san aikinsa kan tambayi irin wayar kafin ya zuba.

Kati da kile suna da nasu sharaɗin. Waɗanda ba su wuce gigabait 32 ba galibi suna zuwa a tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya haura gigabait 4, ko da akwai sauran wuri. Bidiyon megabit 8 kan cika wannan iyaka a awa ɗaya da 'yan mintuna. Tsarin exFAT ba shi da wannan matsala, amma wasu tsofaffin talabijin ba sa karanta shi. A nan ma yankawa kashi-kashi ce mafita. Sai kuma jabun katuna da aka rubuta musu 64 ko 128 alhali cikinsu bai kai ba. Suna karɓar fayil kamar gaske, sai an zo buɗewa a tarar babu komai. Wata ƙaramar manhajar kwamfuta mai suna H2testw na cika kati ta sake karantawa don tona asirinsa, kuma ya fi kyau a gwada sabon kati da ita kafin a damƙa masa bikin wani.

Kwafin da ake yawan gogewa

Wuta ma na cikin lissafi. Nijar ta daɗe tana sayen kaso mai yawa na lantarkinta daga Najeriya, kuma yanke layin da aka yi a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ya nuna wa kowa abin da hakan ke nufi. Mai aiki da kwamfutar da batirinta ya mutu, ko da sola mai ƙaramin ƙarfi, yana da dalilin guje wa tsarin da zai riƙe na'urarsa awanni. Idan kuran ya ɗauke ana saura kaɗan a gama, daga farko za a koma. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a fitar da kwafi ɗaya mai kyau daga manhajar tacewa, sannan a ciro ƙanana daga jikinsa.

Wannan babban kwafi shi ne aka fi wulaƙantawa. Mai kyamara na bukatar wuri don bikin mako mai zuwa, sai ya goge na wancan makon da zarar ya tura. Abin da ya rage a duniya shi ne ɗan guntun da WhatsApp ya tauna. Bayan shekara biyar, lokacin da kakar da ta yi wa amarya nasiha a bidiyon ta riga mu gidan gaskiya, iyali za su nemi hoton fuskarta su tarar da dabbare.

Asarar ba ta tsaya a kan iyali ba. A Keita, aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da kulawar hukumar FAO ya canza fuskar tuddai da kwaruruka, kuma mata ne suka yi kaso mai yawa na ɗaukar duwatsu da haƙa ramukan. 'Yan matan da suka yi wannan aiki yanzu tsofaffi ne, kuma jikokinsu ne ke riƙe da wayoyi. Hirar da za a ɗauka da ɗaya daga cikinsu ta cancanci a ajiye ta yadda ta fito daga kyamara.

A wannan wurin ne HEVC ke da amfani na gaske ga mai ƙaramin diski, domin kwafin ajiya ba sai kowace waya ta buɗe shi ba, kuma a wuri ɗaya zai ajiye bukukuwa kusan ninki biyu. Mai biki kuma yana da haƙƙin ya sa wannan a cikin ciniki tun farko: ya kawo katinsa a zuba masa babban kwafin, ya ajiye wani a wuri na biyu, domin kati ɗaya a cikin zafin watan Afrilu ba abin dogaro ba ne. Kafin a tura wa na Abijan duka, a fara yanko minti ɗaya daga wurin rawa a aika masa. Idan ya buɗe, ya ga fuskoki, ya ji magana, sai sauran su biyo baya da dare lokacin da rezo ya ɗan sarara.